Yadda Ake Gano Bitamin Ɗin Da Abincinka Ya Rasa, Da Yadda Ake Cike Giɓin

Mutum zai iya cin abinci safe da rana da dare, ya ƙoshi har ya yi gyatsa, amma wata yunwa tana cin jikinsa a ɓoye. Ba ta sa ciki ƙugi. Sai dai a ga kasala ta ƙi ƙarewa, gefen baki yana tsagewa, yaro ya daina gani da zarar magariba ta kawo jiki, ko dattijuwa ta fara cewa tafin ƙafarta ya mutu. Wannan ita ce yunwar bitamin, kuma sau da yawa ba rashin abinci ke kawo ta ba, nacewa kan abu ɗaya kullum ne.

Bitamin 13 jikin ɗan Adam ke buƙata: A, C, D, E, K, da guda 8 na dangin B. Abin da ake so daga kowannensu a rana ɗan mitsitsi ne, na wani ma bai kai nauyin ƙwayar gishiri ɗaya ba. Ba sa ba da ƙarfi da kansu, ba sa sa ƙiba, amma in babu su jiki ba zai iya juya abinci ya zama ƙarfi ba, ba zai haɗa jini ba, ciwo ma ba zai warke ba. Galibin mutane za su iya samun su daga abinci in sun san inda giɓin yake. Wasu kuma dole sai da ƙwaya, kuma yana da kyau mutum ya san ko yana cikinsu.

Mataki na farko: rubuta abin da kake ci na mako guda

Kafin ka nufi kantin magani, nemi takarda da biro. Na kwana bakwai, rubuta duk abin da ya shiga bakinka, har da shayi da lemon kwalba da abin taunawa, ka kuma rubuta yadda aka dafa shi. Kada ka gyara cin abincinka a wannan makon don kana rubutawa, in ka yi haka kanka ka yaudara. Uwa ta rubuta wa ƙananan yara nasu daban, domin abin da aka zuba wa yaro daban, abin da ya haɗiye daban. Yaro nawa ne ke tsince ganye ya tura gefen kwano?

Dalilin ɗaukar mako shi ne ba a auna bitamin da rana ɗaya. Huɗu daga cikinsu, wato A, D, E da K, a cikin maiƙo suke narkewa, jiki yana adana su a hanta da kitse. In ka ci da yawa yau, zai ɗauke ka zuwa wasu kwanaki, amma kuma in aka cika su ta hanyar ƙwayoyi sai su taru su zama guba. C da dangin B a ruwa suke narkewa, rarar tana fita a fitsari, saboda haka sai ana kawo su a kai a kai. B12 ne kawai ya fita zakka a cikinsu, hanta tana ajiye na shekaru.

Mataki na biyu: yi wa takardar tambayoyi

Nan aikin yake. Shimfiɗa takardar, ka bi ta da tambayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, kana sa alama a duk inda amsar ta zama "babu" ko "da ƙyar".

Tambaya ta farko, sau nawa ka ci abu mai launin ruwan lemo ko ganye mai duhun kore? Wannan tambayar bitamin A ce. Yana zuwa ta hanya biyu. Akwai gamamme, wanda ke cikin hanta, gwaiduwar ƙwai, madara da man shanu. Akwai kuma karotin, wanda ke cikin karas, kabewa, mangwaro, gwanda, dankali mai jan ciki da alayyafo, sai jiki ya juya shi ya zama bitamin A gwargwadon buƙatarsa. Da shi ido ke gani in haske ya ragu, shi ne kuma ke kula da lallausar fatar da ta lulluɓe hanyar numfashi da hanji, inda ƙwayoyin cuta ke neman shiga. Shi ya sa yaron da ya rasa shi, ƙyanda ko gudawa ke kayar da shi warwas. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa kowace shekara saboda rashin bitamin A, kuma rabinsu suna mutuwa cikin shekara guda bayan rasa idon. Duk lokacin da na tuna wannan adadin sai zuciyata ta sosu, domin abin da zai hana shi ba wani abu mai wuyar samu ba ne. Namiji babba yana buƙatar maikirogiram 900 a rana, mace 700. Karas ɗaya madaidaici ya biya fiye da rabin wannan, ɗan yankin hanta kuwa sau ɗaya a mako ya wadatar.

Tambaya ta biyu, ka ci ɗanyen 'ya'yan itace ko ɗanyen kayan lambu yau? Jiya fa? Bitamin C ke nan. Akuya da kare suna haɗa nasu a jikinsu, ɗan Adam ba ya iyawa. Da shi jiki ke ƙera kolajin, sinadarin da ke riƙe fata da dasashi da bangon jijiyoyin jini. In aka yi wata ɗaya zuwa uku babu shi, cutar sikabi ta kama mutum: dasashi ya kumbura yana jini, haƙora su yi girgiɗi, tsohon tabo ya sake buɗewa. Ita ce ta riƙa kashe matuƙan jiragen ruwa a doguwar tafiya. A 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya ɗauki marasa lafiya 12 a jirgin Salisbury, ya raba su biyu-biyu, kowane rukuni da abin da ake ba shi. Biyun da ake ba lemun zaƙi biyu da lemun tsami ɗaya a rana su ne suka farfaɗo, ɗayansu cikin kwana shida ya koma bakin aiki. Buƙatar namiji miligiram 90 ce a rana, mace 75, mai shan taba ya ƙara 35. Lemun zaƙi ɗaya madaidaici yana da kusan 70. Gwaba ta ninka lemu kusan sau huɗu in aka auna nauyi ɗaya, jan tattasai ɗanye ma ya fi lemu. Wani amfaninsa da ba a cika faɗa ba shi ne yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye. Saboda haka in za ka ci wake, haɗa da tumatir ko ka matsa lemun tsami, shayi kuma ka bari sai bayan awa ɗaya ko biyu, domin shi hana tsotsar yake yi. Amma maganar cewa bitamin C yana hana mura, bincike bai tabbatar da ita ga yawancin mutane ba, iyakarsa ya ɗan rage kwanakinta ga mai shan sa kullum.

Tambaya ta uku ta shafi hatsin da ya fi yawa a takardarka. Da dusarsa ake cin sa, ko an cashe shi ya yi fari tas? Yawancin dangin B a jikin dusa da ƙwayar tsiron hatsi suke, su ne kuma inji ke fara zubarwa. A shekarun 1890, a tsibirin Jaba na Indonesiya ta yau, likita ɗan Holan Christiaan Eijkman ya lura kajin da ake ba ragowar farar shinkafa ƙafafunsu suna shanyewa, irin yadda cutar beriberi ke yi wa mutane. Da aka mayar da su kan shinkafa mai dusa sai suka miƙe. Abin da ke cikin dusar shi ne B1, kuma binciken ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 1929. Ajiyar B1 a jiki ba ta wuce ta mako biyu zuwa uku, shi ya sa rashinsa ke saurin bayyana.

Masara kuma da nata labarin. Tana da B3, wato nayasin, amma a ɗaure yake, hanji ba ya iya cire shi. Mutanen Meziko na dauri suna dafa masararsu da ruwan toka ko na farar ƙasa, wannan ke kwance shi. Da masara ta bazu zuwa Turai da sauran duniya ba tare da wannan dabarar ba, sai cutar felagira ta bi talakawan da suka dogara da ita: fata ta ƙone, gudawa, daga baya ruɗewar hankali. A kudancin Amurka an daɗe ana zaton annoba ce mai yaɗuwa, sai da Joseph Goldberger ya fara bincike a 1914, ya ƙara wa yaran gidajen marayu madara da nama da ƙwai da wake, cutar ta ɓace. Darasin yana nan har gobe. In masara ko farar shinkafa ko farin fulawa ne ginshiƙin abincinka, to lallai wake, gyaɗa, kifi, ƙwai ko nama su riƙa raka su.

Tambaya ta huɗu, sau nawa abin da ya fito daga dabba ya bayyana a makon? B12 a nan kaɗai yake: nama, hanta, kifi, ƙwai, madara. Babu ganye ko hatsi da za a dogara da shi, sai wanda kamfani ya ƙara wa. Maikirogiram 2.4 kacal ake buƙata a rana, amma da shi ake haɗa jajayen ƙwayoyin jini, da shi kuma ake gyara rigar da ke lulluɓe jijiyoyi. Haɗarinsa shi ne yana zuwa sannu a hankali, tun da hanta tana da ajiya, mutum sai ya shekara biyu ko fiye bai ji komai ba.

Folet, wato B9, yana cikin ganye, wake, hanta, lemu da fiya. Duk inda jiki ke ƙera sababbin ƙwayoyin halitta da sauri, kamar ɓargo da ɗan tayi, shi ake nema. Sauran dangin, B2, B5, B6 da B7, wanda ke cin madara, ƙwai, gyaɗa, wake da hatsi mai dusa ba kasafai yake rasa su ba.

Tambaya ta biyar ba ta abinci ba ce: rana tana taɓa fatarka kuwa? Bitamin D fata ce ke haɗa shi in hasken rana ya sauka a kanta kai tsaye. Zama a bayan gilashin taga ba ya yi, domin gilashi yana tare irin hasken da ake buƙata. Mai duhun fata yana buƙatar lokaci fiye da mai haske, tsoho fiye da matashi. Masana da dama suna cewa minti 5 zuwa 30 tsakanin hantsi da la'asar, fuska da hannuwa a buɗe, aƙalla sau biyu a mako. Abincin da ke da shi kaɗan ne: kifi mai maiƙo irin su sardin, gwaiduwar ƙwai, da madara ko man da aka ƙara wa. Aikinsa shigar da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, daga hanji zuwa ƙashi. Sai dai a lura, a ƙasashe masu yawan rana an sha samun yara masu lanƙwasar ƙashi waɗanda matsalarsu ƙarancin kalsiyam ne a abinci, don haka madara da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna cikin maganin.

E da K ba sa buƙatar dogon zance. E yana cikin gyaɗa, riɗi da man girki na tsirrai, rashinsa ba kasafai yake faruwa ba sai ga mai cutar da ke hana hanji tsotsar maiƙo. K yana cikin koren ganye, shi ke sa jini ya daskare in an ji ciwo.

In ka gama, ƙirga kayan lambu da 'ya'yan itacen da ka ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla giram 400 a rana, wato kashi biyar na giram 80, ban da dankali da rogo da sauran saiwoyi masu sitaci. Kada adadin ya karya maka gwiwa. Zaɓi giɓi biyu mafi girma a takardarka, ka ƙara wa kowannensu abu ɗaya da aljihunka zai iya ɗauka kullum. Ƙwai ɗaya da safe, gwaba ko lemu da rana, tafin hannu na gyaɗa, ganye a miya. Canjin da zai ɗore ya fi wanda za a yi kwana uku a watsar.

Mataki na uku: gyara hannun girki

Gida da yawa suna sayen kayan kirki, a tukunya ake asarar su. Ki duba ruwan da kika tafasa alayyafo a ciki, ya koma kore shar, kika tsiyaye shi a magudana. Wani kaso mai yawa na C da folet ya bi wannan ruwan.

A wanke ganye da kayan lambu kafin a yanka, kada a yanka sannan a jiƙa su a ruwa. A yanka dab da lokacin sa su a wuta. Ruwa kaɗan, tukunya a rufe, ganye ya shiga daga ƙarshe, a sauke yana da sauran korensa. Turarawa ta fi tafasawa, in kuma an tafasa, ruwan ya koma cikin miya. Kada a sa bekin soda ko wani abu irinsa don ganye ko wake ya yi saurin laushi, yana lalata B1 da C. Ɗumame bayan ɗumame ma yana cinye su.

Karas da kabewa da ganye kuwa ɗan dahuwa da ɗan mai suna ƙara musu amfani, domin karotin sai da maiƙo yake shiga jiki. Cokali ɗaya na mai ya isa. In za a busar da ganye don ajiya, a inuwa za a shanya, rana tana cin karotin ɗinsa. Madara a ajiye ta inda haske ba ya kai wa, haske yana lalata B2. Shinkafar da aka turara da ɓawonta kafin a kai ta inji ta fi farar riƙe B1, kuma kowace iri ce a daina wanke ta sau huɗu sau biyar. Ƙwai a dafa shi: ɗanyen farin ƙwai yana da sinadarin da ke kama B7 ya hana shi shiga jiki, ga haɗarin ƙwayoyin cuta. A kanti kuma, karanta jikin leda ko gwangwani. Ƙasashe da dama sun wajabta ƙara bitamin a fulawa, man girki ko sukari, kuma ana rubutawa.

Mataki na huɗu: duba jiki daga kai zuwa ƙafa

Tsaya gaban madubi da rana, inda haske yake sosai. Ja fatar ido ta ƙasa da yatsa. Cikinta ja ne ko ya koɗe ya yi fari? Koɗewa alamar ƙarancin jini ce, wanda galibi daga rashin sinadarin ƙarfe yake, amma rashin folet ko B12 ma na kawo shi. Fito da harshe. In ya yi sumul, ja, yana zafi in ka ci abu mai yaji, a tuhumi B12, folet ko nayasin. Tsagewar gefen baki da ta ƙi warkewa tana nuni ga B2, B6 ko ƙarfe. Dasashi mai jini ya fi yawa daga rashin tsaftar baki, amma in ya haɗu da tabon taruwar jini a fata ba tare da an buge ba, da ciwon da ya ƙi warkewa, a tuna da C. Dubi bayan hannu da wuya da saman ƙafa, wuraren da rana ke duka. Fata mai kaushi da duhu da ta fito dama da hagu daidai wa daida, ta zagaye wuya, alamar felagira ce.

Ƙafa tana da nata bayanin. Jin ana tsira allura a tafin ƙafa, mutuwar yatsu, tangaɗi in ana tafiya cikin duhu, mantuwa da ta zo tare da su, duk suna iya zama na B12 ko B1. Wannan ba abin jira ba ne, domin jijiyar da ta daɗe a lalace ba lallai ta dawo daidai ba. Kumburin ƙafa da haki ga mai yawan shan giya ko wanda ya daɗe kan farar shinkafa zalla, asibiti ake kai shi a ranar.

Yaro kuwa da magariba ake gane nasa. Da rana yana guje-guje da 'yan uwansa, rana na faɗuwa sai ya nemi gefe ya zauna. In ya tashi yana laluben bango, yana tuntuɓe da abin da kowa ke gani, an miƙa masa abinci yana neman inda kwanon yake. Dundumi ke nan, alamar farko ta rashin bitamin A. In aka bari, farin ido ya bushe, wani tabo mai kumfa-kumfa ya fito a gefensa, daga nan baƙin idon ya yi laushi ya lalace. A matakin dundumi magani yana aiki cikin kwanaki kaɗan, in baƙin ido ya lalace kuwa sai dai haƙuri. A duba kuma wuyan hannun yaro ko ya yi kauri, da jinkirin tafiya, da ƙafa mai baka ko gwame. Ɗan lanƙwasar ƙafa kafin shekara biyu sau da yawa ba cuta ba ce, amma in tana ƙaruwa bayan haka a kai shi a duba.

Duk waɗannan alamu ne, ba hukunci ba. Ciwon suga ma yana kashe tafin ƙafa, ciwon ƙoda ma yana kumbura ta. Ɗauki takardarka ta mako ka kai wa likita tare da bayanin abin da ka gani. Zai iya sa a yi gwajin ƙidayar jini, ko a auna B12 ko D, kafin ya rubuta komai.

Mataki na biyar: duba ko kana cikin waɗanda abinci kaɗai bai ishe su ba

Na farko, kuma wadda na fi so a ji, ita ce macen da za ta iya ɗaukar ciki. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma san sun samu ba. In folet ya yi ƙaranci a waɗannan kwanakin, ana iya haifar yaro da buɗaɗɗen ƙashin baya. Wani babban bincike da Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya ta fitar a 1991 ya nuna folik asid, wato folet na ƙwaya, ya rage maimaituwar wannan matsala da kusan kashi 72 cikin 100 ga matan da suka taɓa samun ta. Don haka ki fara shan maikirogiram 400 kullum tun kafin ciki, aƙalla da wata guda, ki ci gaba har mako 12 na farko. Jira sai an fara zuwa awo ya makara ga wannan aikin, ko da yake za a ci gaba da ba ki shi tare da maganin ƙarin jini har haihuwa. Wadda ta taɓa haifar irin wannan yaron, ko take shan maganin farfaɗiya, likita zai rubuta mata adadi mafi yawa. Mai ciki kuma ta guji yawan cin hanta da ƙwayoyin bitamin A masu ƙarfi, yawansa yana nakasa ɗan tayi. In laulayi ya tsananta har amai ya hana ta riƙe komai na makonni, tana buƙatar B1 a asibiti.

Jariri sabon haihuwa ana yi masa allurar bitamin K, miligiram 1, domin ana haifar sa da kaɗan, nono ma ba shi da yawa, kuma rashinsa na iya sa jini ya zuba har cikin ƙwaƙwalwa. Ku tambaya ko an yi. A ƙasashe da yawa ana ba jariri mai shan nono ɗigon D, IU 400 a rana (IU ma'auni ne da ake auna wasu bitamin da shi). Inda rashin bitamin A ya yi yawa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba ɗan wata 6 zuwa 11 IU 100,000 sau ɗaya, ɗan wata 12 zuwa 59 kuma IU 200,000 duk bayan wata 4 zuwa 6. Yaron da ƙyanda ta kama ana ba shi kwana biyu a jere. Ma'aikatan lafiya ne ke ba da wannan, ba a saya a ba yaro a gida.

Ƙwayar B12 kuma ta zama dole ga wanda ba ya cin komai na dabba, musamman mai shayarwa, don jaririnta ma zai rasa. Wanda ya manyanta, cikinsa yana rage fitar da ruwan tsamin da ke ware B12 daga abinci. Haka mai ciwon suga da ya daɗe kan metformin, da mai shan omeprazole na tsawon lokaci saboda gyambon ciki ko ƙwannafi, da wanda aka yanke wa wani sashe na ciki ko hanji. Kada su daina maganinsu, su dai nemi a riƙa auna su. Akwai waɗanda cikinsu ba ya haɗa sinadarin da ke rako B12 cikin jini kwata-kwata, irin waɗannan galibi allura ake yi musu har ƙarshen rayuwa. Mai shan isoniazid na tarin fuka sau da yawa ana haɗa masa da B6 don kare jijiyoyinsa.

Mataki na shida: in za ka sayi ƙwaya, karanta kwalbar

Juya bayanta. Nemi sunan kowane bitamin, adadinsa da ma'auninsa. Miligiram 1 maikirogiram 1,000 ne, don haka mg (miligiram) da mcg (maikirogiram) ba abu ɗaya ba ne. A bitamin D, IU 40 ne maikirogiram 1. Duba ranar lalacewa da lambar rajistar hukumar kula da magunguna ta ƙasarka. Zaɓi wanda adadinsa ke kusa da buƙatar rana, ka bar masu alfahari da ninki goma ko ɗari.

Ga babba, iyakar da hukumomin lafiya na Amurka suka sa a rana ita ce maikirogiram 3,000 na gamammen bitamin A, IU 4,000 na D, miligiram 2,000 na C da miligiram 100 na B6, sai in likita ne ya ɗora ka a kan fiye da haka na wani lokaci. Yawan A yana taɓa hanta. Yawan D yana tara kalsiyam a jini har ya lahanta ƙoda. Yawan B6 na tsawon lokaci yana kawo irin mutuwar ƙafar da ake gudu. Inda mutane suka fi faɗawa shi ne haɗa kwalba biyu ko uku, ta ƙarin jini, ta gyaran fata, ta ƙarfin jiki, kowacce da nata A da D a ciki. Jera su ka tara adadin.

Mai shan taba ya nisanci ƙwayar bita-karotin, manyan bincike biyu, na Finlan a 1994 da na Amurka a 1996, sun gano ta ƙara musu kansar huhu. Karas da kabewa ba su da wannan matsalar. Mai shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, kada ya daina cin ganye, ya dai riƙa cin kusan adadi ɗaya kowane mako, ya kuma sanar da likita kafin ya taɓa K ko E. Masu shan bayotin, wato B7, don gashi da farce su faɗa kafin a ɗebi jininsu, yana rikita sakamakon gwajin maƙoƙo da na zuciya. Kada a sha folik asid mai yawa don ƙarancin jini ba tare da an duba B12 ba, domin zai iya gyara jinin alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa. A, D, E da K a sha su tare da abinci mai ɗan maiƙo. In fitsari ya koma ruwan ɗorawa bayan shan dangin B, rarar B2 ce ke fita, ba abin tsoro ba ne. Kwalbar kuma a ɗaga ta sama inda hannun yara ba ya kai wa, musamman mai sinadarin ƙarfe da mai kama da alewa, domin yaro na iya shanye ta ya halaka.

Mataki na bakwai: sake rubutawa bayan wata guda

Ɗauki sabuwar takarda, ka maimaita kwana bakwai, ka ajiye ta kusa da ta farko. Giɓin nan biyu sun cike? In sun cike, koma kan na uku. Ga wanda aka ɗora kan magani, jinin dasashi na rashin C yakan tsaya cikin mako ɗaya ko biyu, ƙarancin jini yakan ɗauki kamar wata biyu kafin ya daidaita, jijiyoyi kuwa watanni suke ci. In lokacin ya wuce alamar tana nan, ko tana ƙaruwa, kada ka ninka ƙwaya da kanka. Koma wurin likita da takardun biyu da duk kwalaben da kake sha.